Doro a Ƙasa, Doro a Sama: Yadda Inji Ya Koyi Numfashi

Duk wanda ya taɓa kwana a Dungas ya san ba zakara kaɗai ke tayar da gari ba. Ana sallame sallar asuba injin niƙa zai fara tari a wata unguwa, tuf, tuf, tuf, har ya kama. Jim kaɗan ƴan kabu-kabu su shiga buga baburansu a bakin tasha. In ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari a tsallaken iyaka, tun da duhu-duhu motocin awaki da na hatsi ke ɗumama inji. Can kuma a fadamun Korama, inda ruwa ba ya da nisa da ƙasa, masu rake da albasa da tumatir sun riga sun ja igiyar injin ban-ruwa.

Ga kunnen wanda bai san kan abin ba, duk ƙara ce. Makanike kuwa yana rarrabe su kamar yadda makiyayi ke rarrabe kukan shanunsa. Injunan nan ba tsara ɗaya ba ne. Akwai wanda tsarinsa ya girmi kakanninmu, akwai na zamanin gyaɗa, akwai na jiya-jiya. A Turai sai ka shiga gidan ajiye kayan tarihi kafin ka gan su a jere. A ƙasar Magarya da Dungas duk suna raye, kowanne da iyalin da yake ciyarwa. Abin da ya raba su kuwa tambayoyi biyu ne da maƙera suka shafe fiye da shekara ɗari suna ja-in-ja a kai: ina za a sa ƙofofin da inji ke numfashi da su, kuma ina za a kwantar da sandar da ke buɗe ƙofofin?

Da yake Dungas garin iyaka ne, garejinsa baki biyu gare shi. Yaron da ya koyi aiki a Damagaram zai ce supap, kilas, arbarakam, kilbitar. Wanda ya koya a Kano ko Gumel zai ce bawul, tof, kamshaf, roka. A rumfa ɗaya suke aiki, kuma ba wanda ke neman tafinta. Ni a nan zan riƙe supap don ƙofar, kilas don kan inji. Sandar kuwa zan kira ta da abin da ido ke gani, sanda mai doro.

Ga yadda aikin yake. Fistan yana kai da komo a cikin silinda sau huɗu kafin a samu bugu ɗaya mai ƙarfi. Ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ke nan dole a samu ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma dole kowacce ta buɗe a kan lokacinta, ta rufe ruf lokacin matsi da lokacin wuta. Supap kamar ƙusa take mai faffaɗan kai, sifirin yana riƙe da ita a rufe. Abin da ke danna ta ta buɗe shi ne doron da ke jikin sandar nan, wanda aka sassaƙa kamar ƙwai: in tsinin ƙwan ya juyo sai ya tura, in ya wuce sai sifirin ya mayar da ƙofa. Sandar tana juyi ɗaya ne duk lokacin da babban ƙarfen inji ya yi biyu. Injin ban-ruwa da ke juyi 3,600 a minti, kowace supap ɗinsa tana buɗewa ta rufe sau 30 a daƙiƙa guda. Babur mai juyi 6,000, sau 50. Ta fitar hayaƙi kuma tana wannan aiki ne cikin zafin da kan sa ƙarfe ya yi ja.

Doron ya girmi injin mai nesa ba kusa ba. Tun zamanin daular Han, mutanen Sin suna kafa turame a bakin rafi, ruwa ya juya gungume mai ƙusoshi, kowace ƙusa ta ɗaga taɓarya ta saki. Sussuka da daka ba hannun mace. A 1206 malami Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, ya kammala littafinsa na na'urori, kuma a ciki akwai sanduna masu irin waɗannan ƙusoshi da ke motsa abubuwa bi da bi. Ashe abin da ke cikin babur ɗan'uwan taɓarya ne.

A 1876, a masana'antar Deutz da ke gefen birnin Kolon na Jamus, Nikolaus Otto ya tayar da injinsa mai bugu huɗu. Ƙofar shigarsa faranti ne mai zamewa irin na injin tururi, kuma bai kai juyi 200 a minti ba. Da aka nemi sauri sai farantin ya gaza, aka koma ga supap mai kan ƙusa. Ko a nan ma rabin aiki aka yi da farko: doro yana buɗe ta hayaƙi, ta shiga kuwa aka bar ta da sifirin mai laushi, zuƙar fistan ce ke jawo ta. Motoci da babura da yawa na shekarun 1890 haka suke. In an taka su da ƙarfi sai ƙofar ta rikice, ta buɗe a makare, ta rufe a makare. Zuwa farkon ƙarni na ashirin an gane cewa ƙofa biyu duk suna bukatar mai tsaro. Mercedes ta 1901 tana cikin na farko da suka ba kowace ƙofa doronta.

Tsarin da ya fara cin kasuwa shi ne mafi sauƙi. Aka tsayar da supap a gefen silinda, kansu sama, ƙafarsu ƙasa, aka kwantar da sanda mai doro daidai ƙarƙashinsu tana tura su kai tsaye. Kan inji bai da wani aiki sai na murfi, faranti ne kawai da ramin buji. Shi ne supap a gefe. Da shi Henry Ford ya yi motarsa Model T daga 1908 zuwa 1927, fiye da miliyan 15. Manomin Amurka da bai taɓa shiga makarantar sana'a ba yana kwance murfin a bayan gida ya kankare baƙin ƙullin hayaƙi ya mayar. In sifirin ya karye, supap ba ta da hanyar faɗawa kan fistan, don ba a samansa take ba.

Irin wannan inji ne ya shigo Damagaram a ƙarshen 1924, lokacin garin yana hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar. Kamfanin Citroën ya shirya ayarin motoci takwas masu tayoyi a gaba da sarƙar roba a baya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun taso daga Kolom-Beshar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka keta Sahara, suka biyo ta Yamai, suka yada zango a Damagaram, sannan suka nufi tafkin Cadi. Kowace mota injinta bai kai lita ɗaya da rabi ba, ƙarfinsa wajen doki 20, supap a gefe. Talla ce ta kamfani da nuna isa irin na mai mulki, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma zaɓin injin zaɓi ne na masu hankali: wanda zai yi nisa da gida ba ya ɗaukar abin da ba zai iya gyarawa a gindin itace ba.

Aibin tsarin a numfashi yake. Iska za ta hau ta gefe, ta karya kwana, sannan ta gangara cikin silinda, kamar mai shiga ɗaki ta zaure mai lanƙwasa. Ɗakin wuta ya zama dogo, ba ya matsuwa sosai, zafi yana taruwa a gefe ɗaya. Model T tana da kusan lita uku, amma doki 20 take bayarwa. Injiniyan Ingila Harry Ricardo ya gyara siffar murfin bayan Yaƙin Duniya na Farko ya ƙara wa tsarin kwana, har Ford ta ci gaba da shi a injinta mai silinda takwas daga 1932 zuwa 1953, kuma Jeep ta Yaƙin Duniya na Biyu da shi ta yi yaƙin. Daga nan motoci suka bar shi. Inda ya samu mafaka shi ne ƙananan injuna, kuma ta nan ya zauna da mu. Injin Robin na Japan, irin EY20 mai doki 5, wanda ya daɗe yana jan ruwa a garake, supap a gefe gare shi. Mai lambun da ya cire murfinsa da ƙaramin sifana yana kallon abin da manomin Amurka ya kalla a 1910, ba ragi ba ƙari. Honda ta fito da jerin GX a 1983 da supap a ka, masu tsimin mai, sannan dokokin hayaƙi na Amurka da Turai daga shekarun 1990 suka matsa wa tsohon tsarin lamba. Yau yawancin sababbin injunan ban-ruwa da janareto da ke fitowa daga Sin kwaikwayon GX ne. Amma tsohon Robin bai mutu ba, yana nan ana lallaɓa shi.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki ƙofofin a kai su saman fistan, kansu ƙasa, iska ta faɗo kai tsaye. A Amurka kamfanin Buick ya fara sayar da irin wannan a 1904, aikin David Buick da Walter Marr da Eugene Richard. To, ƙofa ta hau sama, sanda mai doro tana ƙasa. Wa zai kai saƙo? Sai aka sa tsinken ƙarfe mai tsawo. Doro ya tura tsinke sama, tsinke ya ɗaga bakin wani ɗan ƙarfe da ke lilo a kan gindi, ɗaya bakin ya danna supap ƙasa. Duk wanda ya ga jigo a lambu ya gama fahimtar kilbitar: gefe ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka da guga.

Wanda ke son ganin wannan da idonsa ya je wurin mai niƙa da ke da tsohon inji irin na Lister. Kamfanin da ke garin Dursley a Ingila ya fara yin wannan samfuri wajen 1930, bai daina ba sai 1987, kuma maƙeran Rajkot a Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa. Juyi 650 yake yi a minti, tsinkayensa kuma a waje suke, tsirara. Supap tana buɗewa kamar sau biyar a daƙiƙa, don haka kana iya tsayawa kana kallon tsinken yana hawa yana sauka, mata na jiran garinsu. A ganina duk yaron da za a koya wa kanikanci nan ya kamata a fara kai shi kafin a ba shi sifana. Injin gazuwal dama bai taɓa jituwa da supap a gefe ba, don shi ba buji gare shi ba, tsananin matsi ne ke kunna masa wuta, kuma doguwar kwanar can ba ta matsuwa haka. Shi ya sa injunan niƙa na Sin masu tukunyar ruwa a ka, waɗanda suka maye gurbin Lister a wurare da yawa, su ma tsinke da jigo ne a cikinsu.

Zamanin gyaɗa zamanin tsinke ne. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar Magarya da Matamaye tana cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar, kuma hanyar da ta fi kusa da teku ita ce ta Kano, inda jirgin ƙasa ke jira tun 1912. Gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗar da fitar da ita. Manyan motocin da suka riƙa nishi da buhuna a cikin yashi, Berliet ta Faransa, Bedford ta Ingila, daga baya Mercedes mai gajeren hanci da ake kira 911, duk doronsu a ƙasa yake, supap a ka, tsinke a tsakani. Land Rover ta farko ta 1948 ta raba ƙafa: ƙofar shiga a ka, ta fita a gefe. A 1958 ita ma ta hau layi. Land Cruiser mai fetur da silinda shida haka ta zauna shekaru sama da talatin.

A nan ne labarin Peugeot ya cancanci a tsaya a kansa, don kamfani ɗaya ne ya riƙe bakin igiyar biyu. Wasu direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da wani mai zane ɗan Suwizalan, Ernest Henry, suka samu izinin ƙera mota a wata rumfa nesa da manyan injiniyoyin kamfanin. Injiniyoyin suka raina su, suka laƙaba musu sunan da ke nufin ƴan buga-buga. Abin da suka yi shi ne suka kori tsinke baki ɗaya. Tsinke yana da nauyi, yana lanƙwasa, in inji ya yi gudu sosai sai ya kasa bin doro, supap ta shiga shawagi. Suka ɗauki sandar suka ɗora a kan inji, ba ma ɗaya ba, biyu: ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, kowace silinda da ƙofa huɗu. A watan Yuni na 1912, a babbar tseren Faransa da aka yi a Diyef, Boillot da injin lita 7.6 ya kayar da motocin Fiat masu lita 14. Shekara ta zagayo Goux ya je Amurka ya ci tseren Indiyanafolis. Duk wata mota ta yau da aka rubuta wa DOHC ko 16V a murfi, jikanyar waccan rumfa ce.

Amma da Peugeot ta zo yin motar da za ta yi mana aiki, ba wannan ta kawo ba. Kat-san-kat, wato 404, ta fito a 1960. 504 ta biyo a 1968. Masana'antar Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a 1975, ta kuma ci gaba da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Injinsu a karkace yake kwance, doro a ƙasa, gajeriyar sarƙa tana juya shi cikin wankan mai, tsinke da jigo a sama. Silindarsa riga ce da ake zarewa a sa sabuwa. Da wannan tsari 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960. Da shi kuma bashe, wadda ƴan Najeriya ke kira a-kori-kura, ta ɗauki mutane da awaki da buhunan wake tsakanin Dungas da Magarya da Maigatari har gangar jikinta ta ruɓe injin bai ce uffan ba. Tsofaffin direbobi in suna yabon ta ba ƙauna ce kawai ta abin da ya wuce ba. Sun san abin da suke faɗa.

Labarin da ya fi kusa da mu kuwa na babur ne. Baburan farko da suka yawaita a nan, Mobylette da ƙananan Yamaha da Suzuki, masu bugu biyu ne, ana gauraya musu fetur da baƙin mai, ba su da supap ko ɗaya. Fistan ne da kansa ke toshe ramuka yana buɗewa. Honda ita ce ta nace wa bugu huɗu, kuma a shekarun 1960 ta mayar da ƙananan baburanta ga doro a sama, sarƙa tana hawa daga ƙasa tana juya shi. A Japan da Turai abin ya yi kyau. A ƙasashe matalauta sai injunan suka riƙa mutuwa, masu bugu biyu suna cinye kasuwa.

A watan Mayu na 1974 kamfanin ya tura mutum biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su je su gani. Suka yi kusan wata guda suna zagaya Tailan, Maleshiya, Indonisiya, Filifin, Iran da Pakistan. Suka tarar da babur ɗaya ɗauke da iyali sukutum, wani an lafta masa kaya kamar jaki. Suka tarar ba a juye sai mai ya yi kauri ya yi baƙi ƙirin, matatar iska ta takarda ta toshe da ƙura ta ƙame, kuma ba mai kai babur gareji sai ya tsaya cak. Ba Dungas suka je ba, amma duk wanda ya karanta wannan ya ga tasharmu a lokacin hunturu. Doron da ke sama shi ne na ƙarshe da mai ke isa gare shi, ta siririyar hanya, kuma a waɗancan baburan sandar tana juyi ne kai tsaye a jikin kilas na alminiyam. Mai ya ƙazantu, hanya ta toshe, sanda ta ci kilas, an yi asarar kan inji ɗungurungum.

Abin da ya sa nake girmama mutanen nan biyu shi ne ba su koma gida suka ce laifin masu babur ne ba. Talaka bai ƙi juye don wauta ba. Kuɗin baƙin mai kuɗin tuwon dare ne. Suka ce a sake injin. Suka sauko da doro ƙasa inda mai ke kwance, suka jefar da sarƙa suka sa haƙoran giya biyu masu cizon juna, suka mayar da tsinke da jigo, gajeru marasa nauyi. Har wata dabara suka ƙara: doro ɗaya tak ke buɗe ƙofar shiga da ta fita, kowacce a lokacinta. Matatar iska suka mayar da ita soso da ake wankewa a mayar. A Maris na 1975 aka fara sayar da CG125 a Tailan, a 1976 aka fara yin sa a Manawus ta Barazil, kuma har yau ana yin sa a Pakistan. Ga injiniyan da ya taso yana jin cewa doro a sama shi ne ci gaba, wannan komawa baya ce. Amma da wuya a samu wani injin babur da aka kwaikwaya kamarsa. Da masana'antun Sin suka buɗe wa Afirka ta Yamma ƙofar babur mai araha a farkon shekarun 2000, kaso mai yawa na masu lamba 125 da 150 wannan injin ne da wasu sunaye a jikin tanki, haka ma masu ƙafa uku na dakon kaya. Ɗan kabu-kabun da ke keta yashi zuwa Dogo-Dogo ko Malawa ko Guci, da buhu biyu da fasinja a baya, mai yiwuwa bai taɓa jin sunan Inagaki ba, amma a kan shawararsa yake zaune.

Ba duka ba ne, gaskiya. Ƙananan babura masu kwantaccen inji, zuriyar Super Cub, doronsu a sama yake, haka Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, kuma suna aiki ba laifi, sun ma fi tsimin mai da laushin tafiya. Sai dai su suna da sarƙar da ke saki in ta tsufa, ta shiga kaɗa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Makanike yana jin wannan ƙara tun babur bai tsaya ba.

Akwai hanyoyin da aka gwada aka bari. Ba'amurke Charles Knight ya yi inji marar supap, riguna biyu ne ke zamewa a cikin silinda. Ba ya ƙara, amma yana shan baƙin mai yana hayaƙi, ya ɓace kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Ducati ta Italiya kuma tun 1956 ta ɗauki tsarin da doro ke buɗewa, wani doron ya rufe, ba a dogara da sifirin ba. Waɗannan ba su iso mu ba.

Abin da ya iso mu shi ne kuruwa, bel ɗin roba mai haƙora. Wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Glas ne ya fara sa shi a motar kasuwa a 1962, Fiat ta biyo a 1966, kuma da shi ne doro a sama ya sauko daga motocin tsere ya zama na kowa: ba ya ƙara, ba ya son mai, ba ya da tsada. Daga nan aka shiga wasa da lokacin buɗe ƙofa kansa, Alfa Romeo a 1980, Honda da VTEC a 1989, inji ya riƙa sauya numfashinsa gwargwadon gudu. Ba na musun amfanin wannan. Motar yau mai lita ɗaya da rabi tana ba da ƙarfin da ya ninka na Model T sau biyar, da mai kaɗan, da hayaƙi kaɗan. Tsofaffin Hilux da Hiace masu gazuwal, da Land Cruiser mai injin 1HZ da ya fito a 1990, doronsu a sama yake da kuruwa, kuma ba wanda zai ce ba su jure wa ƙasar nan ba.

Sai dai kuruwa tana da hali ɗaya da sarƙa ba ta da shi: ba ta kuka kafin ta mutu. Kamfani yana cewa a canja ta bayan kilomita wajen 100,000, Toyota har fitila ta sa a gaban direba don tuni. Amma motar da ta gama rayuwarta ta farko a Beljiyam, ta sauka a Kwatano, ta wuce hannu uku kafin ta iso Damagaram, wa ya san tafiyar da ta yi? Ga zafi, ga ƙura, ga baƙin mai da ke ɗiga yana cin roba, ga kuma jabun kaya a kwali mai kyau. Ranar da ta tsinke, doro ya tsaya cak da wasu ƙofofi a buɗe, fistan kuwa bai samu labari ba, ya taho da gudunsa ya same su. A injuna da yawa ƙarshen ke nan: supap sun lanƙwashe, wani lokaci kilas ya tsage. Mai mota a Turai zai kira a ja shi. Mai mota a hanyar Dungas zai kwana a daji da fasinjoji, gobe a aika Kano neman kaya. Wanda ya ƙera injin ya yi lissafinsa ne da gareji a kowace unguwa da littafin da ake rubuta kowane juye. In an kawo injin inda babu waɗannan, sai a riƙe lissafin da ka, kuma direbobin da suka daɗe a hanya suna yin haka: mota in ta shigo hannunsu, kuruwa suke fara canjawa ko da ta yi kyau a ido.

Aikin supap kansa bai sake ba tun zamanin Ford. In babur ya rasa ƙarfi, yana wuyar tashi, yana tari ta karbireta, maigidan gareji zai sa a sauke kilas. Zai zare supap ya duba bakinta, ya shafa mata ɗan man gurza mai yashi-yashi, ya mayar da ita mazauninta, ya miƙa wa yaro. Yaron zai kama sandar tsakanin tafukansa yana murzawa kamar mai burga miya da maburgi, ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa, har bakin ya yi zobe mai toka-toka ba yankewa. Wannan shi ne rodaj. Sai a mayar da sifirin, a kifa kilas, a zuba fetur a ramin a zuba ido. In bai tsatso ba, ta zauna.

Saura saiti. Tsakanin jigo da ƙafar supap dole a bar ɗan sarari, don ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. A injin CG sararin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma da sanyin inji ake auna shi. In ya yi yawa, inji ya riƙa ƙyas-ƙyas kamar keken ɗinki. In ya yi kaɗan ya fi muni, don shiru za ka ji, alhali ƙofa ba ta rufuwa, wuta tana lasar bakinta har ta ƙone. Mai ma'auni yana zura ma'auni. Wanda ba shi da shi yakan nemi reza, wasu kuma yatsa da kunne kawai suka dogara da su. Maigida zai juya inji har alamar T ta zo daidai ramin dubawa, ya sassauta ƙaramin noti, ya murɗa, ya kaɗa jigon da yatsa, ya ɗaure. Ya rufe murfi, ya goge hannu, ya ce wa yaron ya buga. Mai babur yana tsaye da fasinjansa a gefe, rana ta fara zafi, Maigatari kuma da sauran tafiya.